Rabon surori yana canza fassara?

Ɗan'uwa, kana tambaya ko rabon surori na Littafi Mai Tsarki yana shafar yadda ake fahimtar maganar. E, yana shafa sosai, don lambobin nan ba marubutan ne suka sa su ba. Manzo Bulus, alal misali, wasiƙu ya rubuta kai tsaye, babu sura babu aya. Surorin da muke bi yau aikin Stephen Langton ne, wanda ya zama babban bishop na Kantabari a Ingila, a farkon ƙarni na 13, ayoyin Sabon Alkawari kuma Robert Estienne ne ya lambata su a 1551. Sun taimaka wajen neman wuri ba musu, amma wani sa'in wuƙar ta yanke magana a tsakiya.

Mu a nazarin Littafi na majami'armu nan Yamai mun sha ganin haka, mutum ya karanta Matiyu 16:28 inda Yesu ya ce wasu da ke tsaye nan ba za su mutu ba sai sun ga Ɗan Mutum yana zuwa cikin mulkinsa, ya rufe littafi don sura ta ƙare, sai gardama ta tashi wai ai duk sun mutu. To juya 17:1 mana, bayan kwana shida ya hau dutse da Bitrus, Yaƙub da Yahaya, kamanninsa suka sāke a gabansu, masu fassara da dama nan suke haɗa zancen ko da yake ba duka suka yarda ba. Haka Littafin Farawa, kwanaki shida na halitta suna sura ta 1, amma rana ta bakwai ta faɗa cikin 2:1-3. Zabura kam daban ce, galibi kowace waƙa ce mai zaman kanta tun asali, can kana iya tsayawa inda lamba ta tsaya.