Amsa: Rediyon intanet mai ƙararrawa, ko zai yi wa Baba?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko rediyon tebur mai kama intanet zai iya tashin Baba da asuba kuma ya kamo masa BBC Hausa da DW. Zai iya, amma sai in akwai Wi-Fi a gidan dare da rana, domin ba ya ɗaukar layin waya. Wasu irin waɗannan rediyoyin Wi-Fi mai zangon 2.4 GHz kawai suke kamawa.

Lissafin data fa? Tasha mai 64 kbps (ma'aunin yawan datar da take turowa a daƙiƙa) tana cin kusan MB 29 a awa ɗaya, mai 128 kuma ninki biyu. In Baba mai kwana da rediyo ne, ka shirya.

Abin da na fi so ka duba shi ne ƙararrawar. Ka nemi wanda in intanet ya yanke zai koma ƙara ta kansa, sannan yana da batir ko ka haɗa shi da inbata, don in an ɗauke wuta cikin dare, shiru za ka ji. Agogonsa dai da kansa yake saituwa.

Kada ka sayi tsoho na hannu mai dogaro da Reciva, sabis ɗin da ke haɗa rediyo da tashoshin intanet, an rufe shi tun 2021. Rediyon kamfanin Roberts ko Sangean mai FM a ciki ya fi.