Kashi 33 ko kashi 4: wanne ne adadin marasa aikin yi a Najeriya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki da wata ƙaramar ƙungiya da ke koya wa matasa sana'a a Zariya, an ɗora mini rubuta takardar neman tallafi. Na shiga shafin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, don in samo adadin marasa aikin yi, sai na tarar wani rahoto ya ce kashi 33.3 cikin ɗari, wani kuma ya ce kashi 4.1. Shugabanmu ya ce in sa 33.3, ɗayan ƙaryar gwamnati ce. Abokiyar aikina ta ce in sa duka biyun, in nuna an samu sauƙi amma da sauran aiki. Adadin ƙaramar hukumarmu kuma ban gan shi ko'ina ba, sai wani mai shagon kwamfuta ya ce zai samo mini in na biya. Saura mako guda a rufe karɓa. Wallahi hankalina a tashe yake, ina tsoron a ce mun yi ƙarya a hana mu.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malama, kwantar da hankalinki, mako guda ya ishe ki. Kuɗin da kika ware wa mai shagon kwamfuta kuwa, mayar da shi jaka tukuna, zan zo kansa.

Alƙaluman nan biyu duk na NBS ne, babu na jabu a cikinsu. Kashi 33.3 na watanni ukun ƙarshen 2020 ne, ya fito a Maris na 2021. Kashi 4.1 na watanni ukun farkon 2023 ne, ya fito a Agustan shekarar. A tsakani hukumar ta shafe sama da shekara biyu ba ta fitar da rahoton ƙwadago ba, da ta dawo kuma ta dawo da sabuwar hanyar ƙirga. Shugabanku bai yi daidai ba, abokiyar aikinki ma haka, sai dai shawararta ta fi haɗari. Shi in an kama shi, iyaka a ce ya yi amfani da tsohon adadi. Ita kuwa za ta sa ki rubuta labarin abin da bai taɓa faruwa ba, da sa hannun ƙungiyarku a ƙasa.

A tsohon tsari, duk wanda ya yi aiki ƙasa da awa 20 a mako marar aikin yi ne, ko da ya ɗan samu na cefane. Wanda ya yi awa 20 zuwa 39 ana sa shi a sahun masu aikin da bai ishe su ba. Buɗe rahoton 2020 ɗin ki wuce shafukan farko ki je kan jadawali. Mutum miliyan 23 da 'yan kai aka kira marasa aiki, a cikin kusan miliyan 70 na masu aiki da masu nemansa. To miliyan 23 ɗin nan gida biyu ne: wajen miliyan 12 ba su yi aikin komai ba, wajen miliyan 11 sun yi tsakanin awa ɗaya zuwa 19. A jadawalin nan dai za ki ga alƙaluma uku a jere: 56.1 bisa tsarin da ya gabaci wannan, lokacin da sai mutum ya cika awa 40 ake ce masa mai aiki, sai 33.3, sai 17.5 bisa ma'anar ƙasa da ƙasa. Mutanen da aka tambaya su ne su, amsarsu ita ce ita. Na tsakiya ne hukumar ta ɗauka a matsayin nata, shi jaridu suka buga, shi ya sa shi kaɗai kowa ya haddace.

Sabon tsarin ya bi ƙa'idar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya wadda taron masana ƙididdigar ƙwadago ya amince da ita a 2013. Wanda ya yi aikin awa ɗaya tak don kuɗi ko riba a cikin kwana bakwai da suka wuce, mai aiki ne. Yaron da ya tura baro sau biyu a kasuwar Sabon Gari ranar Laraba ya shiga. Kafin a kira mutum marar aiki sai sharuɗɗa uku sun cika: bai yi ko awa ɗayar ba, yana kan nema, kuma a shirye yake ya fara in ya samu. Matashin da ya gama digiri, ya nema har ya gaji, ya koma zaman majalisa, ba ya cikin masu aiki, ba ya cikin marasa aiki, an fitar da shi daga lissafin gaba ɗaya. Shekarun waɗanda ake ƙirgawa ma sun canza, daga 15 zuwa 64 an koma 15 zuwa sama, sannan yanzu ana zagaya gidaje a tsawon shekara, rani da damina. Saboda haka ko 17.5 ɗin can ba za ki ajiye shi kusa da 4.1 ki ja layi tsakaninsu ba.

Wannan ita ce cutar da nake fama da ita kullum, a wajen ɗalibai, da 'yan jarida, da masu rubuta wa manya jawabi. Mutum ya ga hukuma ɗaya ce, sunan abin ɗaya ne, sai ya ɗauka abu ɗaya aka auna. In kin sayi gero bara da kwano, bana aka auna miki da tiya, ba za ki ce buhu ya ragu ko ya ƙaru ba sai kin san girman kowanne. A kasuwa kowa ya san wannan. Da an zo kan alƙaluma sai hankali ya tafi hutu. Na sha ganin kundin digiri na biyu da aka jera adadin rashin aiki daga shekarun baya har zuwa 2023, aka zana layi ya yi sama ya rikito ƙasa, sannan aka cika shafuka ana bayanin manufar gwamnatin da ta jawo "nasarar". Malamin da ke duba aikin ya sa hannu, na waje ya zo ya sa nasa. Babu wanda ya buɗe shafi biyun da ke bayanin hanyar da aka bi, alhali suna nan cikin rahoton, kyauta, da Turanci mai sauƙi.

Kuma ba kan rashin aiki kaɗai abin ya tsaya ba. A Disamba 2024 hauhawar farashi kashi 34.80 ce. A Janairu 2025 ta zama 24.48. Nan da nan wasu suka hau rediyo suna yabo, wasu suna tsinuwa, duk a kan abin da ba su karanta ba. Abin da ya faru shi ne an sauya shekarar da ake gwadawa da ita daga 2009 zuwa 2024, aka sabunta jerin kayan da ake bin farashinsu da nauyin da ake ba kowanne. Ko ba don haka ba ma, saukar wannan adadi ba ta nufin shinkafa ta yi araha. Yana nufin gudun da farashi yake yi ya ragu, amma hawan yana nan. A Afrilu 2014 tattalin arzikin Najeriya ya kai kusan dala biliyan 510 ya wuce na Afirka ta Kudu a rana ɗaya, domin an sauya shekarar awo daga 1990 zuwa 2010, aka shigar da irin su wayar salula da harkar fina-finai waɗanda tsohon lissafi bai kama su yadda ya kamata ba. Ba wanda aljihunsa ya yi nauyi a ranar.

Na talauci ya fi shafar ki, tun da na san shi ma zai shiga takardarki. Binciken 2018 zuwa 2019 ya ce kashi 40.1 na 'yan ƙasa matalauta ne, wato waɗanda abin da suke kashewa bai kai naira 137,430 a shekara ba, kuma ba a sa Borno a lissafin ba. Rahoton 2022 ya ce kashi 63, mutum miliyan 133. Na farko kuɗin kashewa ya auna. Na biyu ya duba lafiya, ilimi, ruwan sha, muhalli, makamashin girki, aiki da tsaro. Duk wanda ya rubuta miki cewa talauci ya tashi daga 40 zuwa 63 cikin shekara uku, ko bai sani ba, ko ya sani yana so ya ci da ke.

Ra'ayina kan sabon tsarin rashin aikin, in kina so: yana da amfani wajen gwada Najeriya da wasu ƙasashe, amma ba ya gaya miki halin da mutane ke ciki. A ƙasar da babu alawus na zaman jiran aiki, talaka ba shi da halin zama haka nan. Dole ya fita ko da ruwan leda ne ya sayar. Shi ya sa adadin yake fitowa ƙarami. Tsohon shugaban hukumar, Dakta Yemi Kale, ya fito fili ya soki ma'aunin awa ɗayar a 2023, don haka muhawara ce ta masana, kuma kina da damar ki ce ba ki gamsu da shi ba. Abin da ba ki da damarsa shi ne ki kira shi ƙarya don kawai bai yi wa takardarku daɗi ba, sannan ki ɗauko adadin shekarar korona ki manna kamar na yau ne. Masu ba da tallafi suna da mutanen da aikinsu ke nan, a kallo ɗaya za su gane.

Abin takaicin shi ne hujjar da kuke nema tana cikin rahoton 2023 ɗin da shugabanku ya raina. A nan aka ce sama da kashi 90 na masu aiki suna cikin aikin da ba na ofis ko kamfani mai rajista ba, mafi yawansu kansu suke wa aiki. A nan aka ba da adadin masu aikin da awanninsu ba su ishe su ba kuma suna son ƙari, kashi 12.2 a farkon 2023. A nan ne kuma ake ba da adadin matasan da ba sa makaranta, ba sa aiki, ba sa koyon sana'a. Ga mai koyar da sana'a, wannan na ƙarshen ya fi 33.3 amfani sau goma. Ki nemi rahoton da ya fi kowanne sabunta, ki ɗauki waɗannan.

Yanzu mai shagon kwamfuta. Ba zai samo miki komai ba, ƙirƙira zai yi. Binciken ƙwadago na ƙasa wasu zaɓaɓɓun gidaje yake tambaya, kuma yawansu bai kai a fitar da adadin ƙananan hukumomi 774 ɗaya bayan ɗaya ba. A sabon tsarin, na wata uku-uku na ƙasa ne baki ɗaya, na jihohi sai a rahoton shekara. Abin da zai yi shi ne ya ɗauki kason ƙasa ya ninka da wani adadin jama'a da ya tsinta a intanet, ya ƙawata da launi, ya manna tambarin hukuma. Irinsa ne ke haɗa katunan da ake yawo da su a WhatsApp, lamba ƙatuwa, ba shekara, ba sunan rahoto. Shi kansa adadin jama'ar kintace ne. Rabon Najeriya da ƙidaya tun 2006, lokacin da aka samu mutum miliyan 140 da dubu ɗari huɗu da 'yan kai, wadda aka shirya yi a Mayun 2023 kuma aka ɗage ta. Duk adadin mutanen Zariya ko Sabon Gari da kika gani na bana, na 2006 ne aka ɗora masa ƙaruwar wajen kashi 3 a kowace shekara. Kina iya amfani da shi, amma ki rubuta ƙarara cewa hasashe ne daga ƙidayar 2006, ki kuma faɗi wanda ya yi hasashen.

Kin yi sa'a a Kaduna kike, domin jihar tana da hukumar ƙididdiga tata da ta gudanar da binciken gidaje, kuma rahotanninta suna intanet. Duba can kafin ko'ina. In abin da kike so yana hannun wata ma'aikata, to shirya wa al'adar ofisoshinmu: kawo wasiƙa, oga ba ya nan, mai makullin ya tafi kwas, dawo Litinin. Bayanin da aka tara da kuɗin jama'a ake riƙewa kamar gadon gida. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ma'aikata kwana bakwai ta amsa buƙata a rubuce, ki ambace ta a wasiƙarki, amma kada ki rataya takardar mako guda a kanta. Ku da kuke da rajistar matasan da suka zo neman gurbi, nawa suka nema, nawa kuka iya ɗauka, wannan ma hujja ce, muddin kin ce daga littafinku ta fito.

Duk rahoton da kika samu a nigerianstat.gov.ng, sauke shi a kwamfutarki, tare da jadawalin Excel in an haɗa, ki rubuta sunansa, lokacin da ya shafa, lambar shafi da ranar da kika sauke. A Disamba 2024 an yi wa shafin hukumar kutse, ya yi makonni a rufe, waɗanda ba su ajiye nasu ba suka rasa madafa. A takardar kuwa jimla biyu sun isa: ki ba da sabon adadin da shekararsa, ki ce an auna shi da ma'aunin awa ɗaya a mako, sannan ki ce adadin 2020 an yi shi da wani ma'auni daban don haka ba a gwada su. Daga nan ki wuce kan matasan da ba sa makaranta ba sa aiki, da na rajistarku. In shugabanku ya nace sai 33.3, ki buga masa jadawalin nan mai alƙaluma uku, ki roƙe shi ya zaɓi ɗaya ya rubuta dalilinsa da hannunsa.