Tambayoyinku: Yawon Ƙafa na Kwanaki a Kurmi, Tsauni da Gaɓar Teku

Tambaya: Na ga tallar wata tafiyar hutu ta kwana huɗu da ƙafa tare da ɗan jagora, kilomita 14 zuwa 16 a rana. Ni kuwa nakan yi kilomita 10 a kan titi cikin awa biyu ba tare da gajiya ba. Wannan ya isa shiri? (Wani mai karatu)

Amsa: Malam, bai isa ba, amma ka kama hanya. Kilomitar titi daban, ta daji daban. Masu hawan tsauni suna da wani lissafi da William Naismith, mutumin Sikotilan, ya fitar a 1892: a ba kowace kilomita 5 awa ɗaya, sannan a ƙara awa ɗaya a kan kowace mita 600 da za a hau. Ke nan ranar da ke da kilomita 15 da hawan mita 900 za ta ci awa huɗu da rabi, ban da hutu da cin abinci. Lissafin kuma na mai ƙarfi ne a kan busasshiyar hanya. A cikin kurmi, inda ake taka saiwoyi masu santsi da taɓo har ƙauri, tafiyar kan koma kilomita 2 a awa, wani lokaci ma ƙasa da haka. Rairayin bakin teku mai laushi shi ma haka yake cin ƙarfi.

Dubi hanyar Milford da ke Niyu Zilan. Tsawonta kilomita 53.5 ne, ana yin ta cikin kwana huɗu, amma ranar da ake ƙetare mashigar tsauni ta Mackinnon mai tsayin mita 1,154 ita ce ke gwada mutum, kuma gangarowa ta fi hawan wahalar da gwiwa. Don haka ka fara atisaye mako takwas zuwa goma sha biyu kafin tafiya. Ka riƙa hawa da sauka a tudu ko matakalar bene da jakarka a baya, kana ƙara mata nauyi sannu a hankali. A makonnin ƙarshe ka yi doguwar tafiya ta awa biyar ko shida kwana biyu a jere, domin abin da ake so a sani shi ne yadda ƙafarka za ta tashi da safe bayan ta sha wahala jiya. Ka samo sanduna biyu na dogarawa, ka koyi amfani da su tun a gida.

Tambaya: Sun aiko mini da jerin kaya, sun ce kada in zo da tufafin auduga ko kaɗan. Me ya sa? Kuma nauyin jaka nawa ya kamata ya zama? (Wata mai karatu)

Amsa: Malama, wannan sharaɗi ki riƙe shi da kyau, domin batun rai ne. Auduga tana shan ruwa da gumi, tana daɗewa ba ta bushe ba, kuma idan ta jiƙe sai ta riƙa janye ɗumin jiki. A ƙasan kurmi ba za ki damu ba. Amma iska tana ƙara sanyi da kusan digiri 6.5 a duk mita 1,000 da aka hau, ga guguwa a kan tsauni inda babu itacen da zai tare ta. Mai jiƙaƙƙiyar riga a irin wannan wuri zafin jikinsa na iya faɗuwa ƙasa da digiri 35 ko da babu ƙanƙara. Alamomin farko su ne karkarwa, yawan tuntuɓe, harshe ya yi nauyi, hannu ya kasa ɗaure igiyar takalmi. Shi mai shi sau da yawa ba ya ganewa, abokan tafiya ne ke lura.

Tufafi hawa uku ake sawa: ta jikin fata ta ulu ko ta zaren roba mai saurin bushewa, ta tsakiya mai riƙe ɗumi, sai rigar ruwa mai hula wadda aka liƙe ɗinkinta, tare da wandonta. Ki ware kaya kala ɗaya busassu na kwana, kada ki taɓa sa su a hanya. Da safe a mayar da na jiya ko da damshi. Abin ba daɗi, amma wanda ya jiƙa kala biyu ba shi da abin kwana. Murfin da ake rufa wa jaka daga waje ba ya tare ruwan yini guda, saboda haka ki zura babbar leda mai kauri a cikin jakar, ki zuba komai a ciki, ki murɗe bakin.

Nauyi kuwa, kada ya wuce kashi 20 cikin 100 na nauyin jikinki idan ke za ki ɗauki komai. Mai kilo 60 ta tsaya a kilo 12. Idan kamfanin ne ke tanadar abinci da wurin kwana, kilo 6 zuwa 8 ya wadatar. Ki ɗaure ɗamarar jakar a kan ƙugu yadda nauyin zai sauka can, kafaɗa ta huta.

Sai takalmi, wanda shi ya fi kome katse wa mutane tafiya. Kada ki zo da sabo. Ki saya da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za ki yi tafiyar da ita, ki bar faɗin babban yatsa tsakanin yatsunki da bakin takalmin, in ba haka ba farce zai yi baƙi a gangara. Bororo yana farawa ne da ɗan zafi a wuri ɗaya. Da kin ji shi ki tsaya nan take, ki busar da wurin, ki liƙa filasta. Kunyar tsayar da jama'a na minti biyar ita ke jawo ɗingishin kwana uku.

Tambaya: A jadawalin da aka ba mu akwai ranar da za a tashi kafin asuba, an kuma rubuta cewa jagora na iya soke wani ɓangare saboda ruwa. Ba wayon rage mana abin da muka biya ba ne? (Wani mai karatu)

Amsa: A'a, Malam. Kamfanin da bai rubuta wannan ba shi ne abin tsoro. A yawancin gaɓoɓi teku tana cika sau biyu tana janyewa sau biyu cikin awa 24 da minti 50, wato lokacin yana matsawa da kusan minti 50 kullum. Akwai duwatsun gaɓa da bakunan koguna da ba a wucewa sai ta janye. A hanyar Otter ta Afirka ta Kudu, ta kwana biyar, kogin Bloukrans yana rana ta huɗu, kuma masu tafiya kan tashi cikin dare da tocila don su riske shi a lokacin janyewar ruwa. Hanyar gaɓar yammacin tsibirin Vancouver a Kanada, mai kilomita 75, ita ma da jadawalin teku ake bin ta.

Abin da ke ruɗin baƙo shi ne ruwan ba ya dawowa da gudu ɗaya. A cikin awa shida na cikarsa, awa ta farko kaɗan yake hawa, har ka ɗauka akwai sauran lokaci. Awa ta uku da ta huɗu kuwa su kaɗai ke kawo rabin dukan ruwan. A nan ne mutane kan tsinci kansu tsakanin dutse da igiyar ruwa, gaba ta rufe, baya ta rufe. Cikar ta fi girma a kwanakin sabon wata da tsakiyarsa.

Kogunan tsauni kuma ruwan sama ke tafiyar da su. Yankin Milford yana samun fiye da milimita 6,000 a shekara, kuma rafin da aka tsallake a kan duwatsu da safe na iya kai wa ƙugu da la'asar. Ba a shiga idan ruwan ya rine, ko yana gudu fiye da tafiyar mutum, ko yana ɗauke da itatuwa, ko ana jin ƙarar duwatsu suna mirginawa a ƙasa. Irin waɗannan koguna da sauri suke cika, da sauri kuma suke sauka, don haka jira shi ne magani. In za a ƙetare, da takalmi a ƙafa ake shiga. A ganinmu, babban abin da kake biyan jagora dominsa shi ne ya iya cewa a koma, ko da kowa ya ɓata rai.

Tambaya: Ina tsoron matsattsaku da ƙwari. Kuma ruwan rafi yana shayuwa? (Wata mai karatu)

Amsa: Matsattsaku ya fi ban ƙyama a kan haɗari, Hajiya. Ki cusa ƙafar wando cikin safa. In ya kama, ki zura farce a gefen bakinsa ki ture shi, ki wanke wurin, ki danne. Jinin zai ɗan daɗe yana fita saboda yawunsa na hana daskarewa. Kada a ƙona shi ko a zuba masa gishiri yana jiki, don yakan amayar da abin cikinsa a ciwon. Sauro da ƙananan ƙudajen gaɓa masu cizo kuma, maganinsu riga mai dogon hannu da maganin shafawa mai sinadarin korar ƙwari na DEET kashi 20 zuwa 30 cikin 100. Ruwa komai haskensa a tace shi, ko a sa ƙwayar tsarkakewa, ko a tafasa minti ɗaya, minti uku idan an haura mita 2,000.

Tambaya: Ta yaya zan gane kamfanin kirki kafin in biya? (Wani mai karatu)

Amsa: Ka yi musu tambayoyi a rubuce. Mutum nawa ke ƙarƙashin jagora ɗaya, kuma akwai na biyu da ke bin bayan ayari? Wace takardar horon taimakon gaggawa na daji suke da ita? Me suke riƙewa na kiran agaji inda babu sabis, wayar tauraron ɗan'adam ko na'urar aika siginar ceto? Idan mutum ya karye a rana ta uku, ta ina za a fitar da shi, wa zai biya? Inshorar tafiya da yawa ba ta ɗaukar jirgi mai saukar ungulu ko abin da ya faru sama da wani tsayi, sai ka karanta sharuɗɗan da kanka.

Ka kuma nemi shaidar izinin hukuma. Hanyar Inka a Peru mutum 500 kawai ake bari a rana, har da jagorori da 'yan dako, ba a shiga sai ta hannun kamfani mai lasisi, kuma tana rufe duk watan Fabrairu. Wanda ya yi maka alkawarin gurbi a wannan wata ka san ba gaskiya ya faɗa ba. Mashigarta mafi tsayi ta haura mita 4,200, ciwon tsauni kuwa, wanda ƙarancin iskar shaƙa a wuri mai tsayi ke jawowa, yana iya farawa daga mita 2,500, kuma ƙarfin jiki ba ya kare mutum daga gare shi. Ka duba ko jadawalin ya ware kwana biyu ko uku na sabawa da iska a Cusco, birnin da ke kan tsaunukan yankin, kafin a fara. Mai ciwon zuciya, asma ko ciwon suga ya ga likita tukuna, ya kuma sanar da jagora tun ranar farko inda maganinsa yake a cikin jaka.