An ce an janye maganin tarin yara daga kasuwa, yaya zan yi da kwalaben da ke gidana?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni uwa ce mai 'ya'ya uku a Zariya. An turo saƙo a zauren WhatsApp na matan unguwarmu cewa NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ta janye wani maganin tarin yara saboda yana da guba. Na duba saman durowa na tarar da kwalabe biyar, wasu ma kwalinsu ya ɓace. Autana wata takwas gare shi, yana haƙori, kuma makon jiya na ba shi ɗaya daga ciki. Hankalina ya tashi. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya raya mana su. A matsayina na mai harhaɗa magunguna, abu na farko da zan tambaye ki shi ne: yaya fitsarin yaron? Idan yana jiƙa nafkin kamar yadda ya saba, yana shan nono, yana wasa, kuma mako guda ya wuce da shan maganin, to ki kwantar da hankalinki. Idan kuwa fitsarin ya ragu sosai ko ya tsaya, ko yana amai da gudawa, ko jikinsa ya saki yana ta barci, ki ajiye wayar nan ki tafi da shi babban asibiti yanzu, da kwalbar a hannunki.

Dalilin da na fara da fitsari shi ne gubar da aka fi samu a irin waɗannan magunguna ƙoda take kamawa. Sunanta diethylene glycol, da 'yar'uwarta ethylene glycol. Sinadarai ne na masana'antu, irin waɗanda ake sawa a man birki da ruwan sanyaya inji. Maganin ruwa na yara ana narkar da shi ne a cikin glycerin ko propylene glycol, waɗanda ba su da illa. Matsalar ita ce gubar tana kama da su, ba ta da launi, tana da ɗanɗanon zaƙi, kuma ta fi arha. Sai wani marar tsoron Allah ya sayar da ita a madadinsu, kamfani kuma bai gwada ba ya haɗa magani. Ba za ki gane ta da ido ko hanci ba. Yaro ma zai sha yana lasar baki.

Abin ya sha faruwa, kuma kusa da mu. A 1990 yara 47 suka rasu a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos bayan shan gurɓataccen farasitamol na ruwa. A ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 maganin haƙori mai suna My Pikin, wanda aka haɗa a Legas, ya yi ajalin yara 84. A 2022 yara kusan 70 suka mutu a Gambiya, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi a watan Oktoba kan magungunan tari da mura guda huɗu na kamfanin Maiden da ke Indiya. A 2023 kuma aka yi gargaɗi kan maganin tari mai suna Naturcold a Kamaru. Abin da ya fi ƙona min rai a duk waɗannan shi ne, uwa tana ganin yaro ya ƙara galabaita sai ta ƙara masa cokali, don a saninta magani take ba shi.

Yanzu ga kwalabenki. Janye magani yawanci na rukuni ne, wato kason da aka haɗa a lokaci guda. Kowace kwalba tana da lambar rukuni, inda aka rubuta Batch No. ko Lot, kusa da ranar haɗawa da ranar lalacewa. Misali, a watan Afrilun 2024 da NAFDAC ta janye maganin tarin yara mai suna Benylin Paediatric, rukuni mai lamba 329304 ta ambata. To ki nemi ainihin sanarwar a shafin NAFDAC, ko ki sa wani ya duba miki, ki gwada suna da lambar da na kwalbarki. Saƙon WhatsApp kaɗai ba abin dogaro ba ne, don sau da yawa tsohuwar sanarwa ce ake sake yaɗawa, wani lokaci ma an sauya sunan maganin.

Idan lambar ta yi daidai, ki daina bayarwa, amma kada ki zubar a kwata ko ki jefa a bola inda yara ke tsince-tsince. Ki ɗaure ta a leda, ki ɗauki hoton takardar jikinta, ki mayar kemis ɗin da kika saya ko ofishin NAFDAC mafi kusa, ki kuma kai yaron a duba ƙodarsa ko da kuwa garau yake. Wadda takardarta ta goge, ko ba ta da lambar rajistar NAFDAC, ko aka buɗe ta watanni da suka wuce, ita ma ta bar gidan.

Kada ki sa masa yatsa a baki don ya yi amai, kada ki ɗura masa manja ko madara da sunan karya guba. Ba sa karya wannan, kuma ɗurar tana iya sarƙe shi ta shiga huhu. A asibiti ne ake da abin da za a yi, har da wankin ƙoda idan ta kama, kuma saurin zuwa shi ke ceton ƙodar.

Zan faɗa miki ra'ayina kai tsaye game da autan: ɗan wata takwas ba ya bukatar maganin tari na kemis, ba ya bukatar maganin haƙori. Mura tana wucewa da kanta idan ana ba shi nono akai-akai ana share masa hanci da ɗigon ruwan gishiri. Zuma tana sauƙaƙa tari, amma sai yaron da ya haura shekara ɗaya. Haƙori kuma ƙaiƙayin dasashi da dalalar miyau yake kawowa. Zazzaɓi mai zafi ko gudawa mai yawa ba nasa ba ne, a kai shi a gwada maleriya.

Sauran kwalaben da suka tsira, ki sauke su daga saman durowa ki sa a akwati mai makulli, nesa da zafin rana, kowace a cikin kwalinta.