Malam ya tura mu zaman lambu, shin wannan ma karatu ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a fannin zanen gine-gine, ina zaune a Kubwa, Abuja. A darasin tsara lambuna da filaye, malaminmu ya ce kowa ya je wurin shaƙatawa ya zauna awa biyu, ba zane, ba ɗaukar hoto, ya rubuto abin da kunnensa ya ji da wanda hancinsa ya shaƙa. Don Allah Baba, wannan karatu ne ko ɓata lokaci?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yata. Karatu ne mai girma. Da na samu irinsa ina ɗalibi, da ban tafka kuskuren da har yau yake ci mini rai ba.

Farkon kama aikina aka ba ni tsakar wani rukunin gidaje a Gwarimpa in tsara. Na jera kujerun siminti suna fuskantar yamma, na malale ƙasa da intalok. A takarda, abin gwanin sha'awa. Da watan Maris ya kama na koma da la'asar, na ɗora tafin hannu a kan kujera, ban san sanda na fizge shi ba, sai ka ce tanda. Babu ko mutum ɗaya a wurin. Matan duk sun baza tabarmi can gindin wani tsohon mangwaro, wanda saura ƙiris in sa a sare wai ya ɓata mini layi. Wata tsohuwa tana tsinkar zogale ta ɗago ta ce, "Ɗan nan, ka taɓa zama a kansu kuwa?" Wallahi ban taɓa ba.

Takarda ba ta ɗaukar zafi, kwamfuta ba ta jin ƙamshin ƙasa ranar ruwan farko. Jiki ne ke sanin cewa inuwar durumi ta fi ta dabino nauyi da sanyi, kuma jikin mutane za ki yi wa aiki.

Ki je lambun shaƙatawa na Millennium Park da ke Maitama a Abuja, wanda Manfredi Nicoletti ɗan Italiya ya tsara, Sarauniyar Ingila Elizabeth II ta buɗe a Disambar 2003. Rafi ya raba shi biyu: ɓangare ɗaya shimfiɗaɗɗe a miƙe irin lambunan Italiya, ɗayan an bar itatuwa kusan yadda Allah ya tsiro da su. Ki yi awa guda a kowanne. Ki cire takalmi, ki taka ciyawa, ki taka dutse. Ki saurara daga ina ƙarar motoci ke yankewa, kukan tsuntsaye ya karɓa.

Ni da zan ƙara wa malaminku, sai in ce zuwa ɗaya bai isa ba. Ki koma lokacin hunturu, hazo ya lulluɓe Dutsen Aso, leɓe na tsagewa. Ki sake komawa washegarin Sallah, ki rubuta a gindin wace bishiya iyalai suka fara shimfiɗa tabarma, da wadda suka wuce ba su ko kalla ba.