Kwana biyar a Alƙahira: tsakanin yawon buɗe ido da tsofaffin abokai

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce kwana biyar gare ka a Alƙahira, kana son ganin dala, wato manyan kaburburan fir'aunoni da ke Giza, da masallatan tarihi, ga kuma abokan karatunka da kuka rabu shekara da shekaru suna zaune a garin, ka rasa yadda za ka raba kwanakin. Na zauna a garin lokacin karatu, na kuma koma a matsayin baƙo, saboda haka ga abin da idona ya gane mini.

Ka fara da mutanen tun kafin ka yanki tikiti. Kai hutu ya kawo ka, su kuwa suna tsakiyar neman abinci da hidimar iyali. A Masar Juma'a da Asabar ne hutun mako, Lahadi ranar aiki ce. Idan kwanakinka suka faɗa daga Lahadi zuwa Alhamis, ba za ka ga kowa ba sai da daddare, a gajiye. Yi ƙoƙari Juma'a ta shiga ciki. Kuma kada ka tsaya ga saƙon "ina nan tafe, sai mun haɗu". Kira kowa da kansa, ka tambayi unguwar da yake, ku tsayar da rana da wuri.

Unguwar tana da muhimmanci don girman garin. Alƙahira da kewayenta mutum fiye da miliyan 20 ne, kuma wanda ke Madinat Nasr a gabas da wanda ke birnin 6 Oktoba a yamma kamar ba gari ɗaya suke ba idan cunkoson yamma ya kama. Don haka ka ɗaure kowane aboki da wurin da ke kusa da shi. Na Giza ko 6 Oktoba, ranar dala. Na Abbasiyya ko Madinat Nasr, ranar Azhar. Na Ma'adi, ranar Fusɗaɗ, tsohon ɓangaren garin, tunda layin metro (jirgin ƙasa na cikin gari) na ɗaya ne ya haɗa su: ka sauka a tashar Mar Girgis, ka taka zuwa masallacin Amru ɗan Asi, wanda shi ne na farko da aka gina a Masar, daga nan ka wuce gidan abokinka. Metron nan tun 1987 yake aiki, ya fi mota sauri nesa ba kusa ba, kuma akwai taragun mata zalla a tsakiya, ka kula kada ka shiga.

Dala kam, shawarata ka je ba tare da su ba, da sassafe kafin rana ta take. Wanda ya daɗe a garin ya raka baƙi can har ya gaji, kunya ce kawai za ta hana shi faɗa maka. Ga zafi, ga masu raƙuma da dawakai suna binka, babu inda za ku zauna ku yi magana. Je ka tsaya a gindin dalar fir'auna Khufu, wadda tsayinta ya kai mita 146 lokacin da aka gama ta shekaru kusan 4,500 da suka wuce, ka cika idonka a tsanake. In za ka hau raƙumi, ku gama ciniki tun kana ƙasa, a fam na Masar, har da dawowa. Da yamma sai ka nemi abokinka na wannan ɓangare.

Wuraren da suka dace da aboki su ne waɗanda ake zama. Wanda na fi so shi ne masallacin Ibn Ɗulun, da aka gama a 879. Fili ne makeke, ba hayaniya, matakalar hasumiyarsa ta waje take nannaɗe, kuma za ku iya jingina da ginshiƙi ku yi awa biyu ba wanda ya tashe ku. Sai titin Mu'izz, daga ƙofar gari ta Babul Futuh zuwa ta Bab Zuwaila, kimanin kilomita ɗaya. Ku yi la'asar a Azhar, wanda sarakunan daular Faɗimawa suka fara ginawa a 970, ku gangara a hankali, ku sha shayi a bakin kasuwar Khan Khalili. Idan abokinka tsohon ɗan Azhar ne, a nan bakinsa zai buɗe, ya nuna maka inda ya riƙa zama ɗaukar darasi da inda yake sayen littattafai, abin da ba ɗan rakiyar da za ka biya ya ba ka. In kuma da iyalinsa zai fito, lambun Azhar da aka buɗe a 2005 ya fi, yara su yi wasa, ku kuna hangen ganuwar Salahuddin da masallacin Muhammad Ali har magariba.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wanda kuma shi ya sa na tsawaita. Za a ce a tara kowa dare ɗaya a ci abinci. Ku yi, akwai daɗi, za a tuna malamai da ƙiriniyar da aka yi a sha dariya. Amma a irin wannan taro ba wanda zai faɗa maka halin da yake ciki. Wanda ya rasa mahaifiyarsa, wanda karatu ya tsaya masa, wanda aure ya mutu, duk murmushi za su yi a tashi. Waɗanda kuka shaƙu da gaske, ka ware wa kowannensu zama na ku biyu. Rabin sa'ar farko tana iya zuwa da nauyi, kuna ta gaisuwa kuna maimaitawa. Kada ka ɗauka zumuncin ne ya mutu, tsawon rabuwa ne kawai. Ka tambayi iyayensa da sunayensu, ka yi ta'aziyyar waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Maganar aure, haihuwa ko samu, bari shi ya taso da ita.

Za ka kuma sami wanda yake ta kauce wa kiranka. Kada ka yi saurin cewa ya canza. Zaman ƙasar wani yakan matse mutum har ya ji nauyin a gan shi haka, ko ya ji tsoron ba shi da abin da zai karɓi baƙo da shi. Irin wannan kai za ka je masa, zumunta a ƙafa take. Ce masa shayi kawai za ku sha a kusa da gidansa. Don haka ma na fi son mutum ya kama masaukinsa a otal sai in an matsa masa, ya kuma riƙa biyan kuɗin mota da na shiga wurare ba tare da nuna wa kowa ba, domin tikitin baƙo ya fi na ɗan ƙasa tsada sosai.

Gidajen tarihi kuwa, ɗaya ya ishe ka a kwana biyar. In gawawwakin fir'aunoni kake son gani, tun 2021 aka mayar da su gidan tarihin wayewar Masar da ke Fusɗaɗ, sai ka haɗa da ranar masallacin Amru.

Ranar ƙarshe kada ka sa mata komai. Da zarar hoton haɗuwarku ya zaga, wani da ba ka ma san yana garin ba zai kira. Filin jirgin yana ɓangaren Misr al-Jadida ne, kusa da Madinat Nasr, to in kana da wani a can da ba ku gama magana ba, ka ajiye kayanka a wurinsa, ku yi sallama daga nan. Allah ya kai ka lafiya, ya sada ku da alheri.