Dubu 45 don zuwa taro a Kaduna: in je ko in zauna?

Assalamu alaikum Anti. Ina zaune a Tudun Wada, Zariya. Shekara biyu ke nan ina sayar da yajin daddawa da garin kunu da dambun nama daga gida, ina tallata su a WhatsApp da Facebook. Ƙawata ta turo mini sanarwar wani taron kwana biyu na masu talla ta intanet da za a yi a Kaduna. Kuɗin shiga da na mota da na abinci sun kai naira dubu 45, kwana kuma a gidan yayata a Kawo zan yi. Ribata ta wata ba ta cika wuce dubu 70 ba. Maigida ya ce in akwai amfani in je. Anti, akwai amfanin kuwa, ko hoto kawai ake zuwa ɗauka?
Maman Ilham

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki je, matuƙar kuɗin nan daga riba za su fito. In har sai kin taɓa uwar kuɗi, wato na sayen nama da barkono da gyaɗa, to ki haƙura ki tara wa na gaba. Dubu 45 kusan kashi biyu cikin uku ne na ribar watanki, don haka kafin ki tura ko sisi ki binciki masu taron. Waɗanda za su yi jawabi, suna da sana'ar da ido zai gani? Akwai wadda ta je na bara da za ki iya kira? In kika ji ana batun ninka kuɗi ko kawo mutum biyu a ƙarƙashinki, ki kama kanki. Waɗanda MMM, tsarin nan na ninka kuɗi ta intanet, ta rufe da kuɗinsu a Disambar 2016, da irin wannan daɗin bakin aka fara jan su.

Yawancin abin da za a faɗa a kan mumbari, yadda ake ɗaukar hoto mai kyau ko lokacin ɗora talla, za ki same shi kyauta a YouTube. Abin da kike biya wa kuɗi shi ne kujerar da ke kusa da ke, da wadda za ta zauna a kanta.

Ga dalili. Sana'arki ta abinci ce, kuma manyan kantuna ba su cika karɓar abincin da aka ƙulle a leda ko roba ba sai da lambar NAFDAC. Kafin nan akwai rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, akwai kuma ta SMEDAN, hukumar bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i, da ake yawan nema wajen shirye-shiryen tallafin ƙananan sana'o'i. Duk an rubuta ƙa'idojin nan, amma karanta su daban, jin su daga bakin macen da ta bi hanyar daban. Ita ce za ta gaya miki abin da masu dubawa suka kalla da suka zo wurin aikinta, yadda ta ware ɗakin sarrafawa daga kicin ɗin gida, wata nawa ta jira, da inda ta yi kuskure har aka dawo mata da takarda. Ita ce za ta ba ki lambar mai buga sitika da ba ya saɓa alkawari, da direban da take ba saƙon Abuja ya isa lafiya. Irin wannan magana ba a yin ta a lasifika, sai a layin alwala ko wajen cin abincin rana. Zuwa da kai ya fi aike.

Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman a Zariya. Cinikin garin nan ya jingina sosai da makarantu, kuma duk mai sayar da abinci tsakanin Samaru da Kongo ba zai manta da 2022 ba, lokacin da yajin aikin ASUU ya rufe ABU daga Fabrairu har Oktoba. Dambu da yaji ba sa lalacewa a hanya. Kwastoma goma a Kaduna ko Abuja, ko mai kanti ɗaya da zai riƙa sara, su ne za su riƙe ki ranar da ɗalibai suka watse.

Saboda haka kada ki je hannu rabbana. Ki ƙulla ƙananan samfuri kamar 30, kowanne da suna da lambar wayarki, ki rubuta tambayoyi uku da suka fi damun ki a takarda. Kada ki manne wa ƙawarki wuni guda, ita kin riga kin san ta.

Wani amfanin ba ya shiga littafin lissafi, ni kuwa ina ganin girmansa. Mace mai sana'a a cikin gida ita kaɗai take fama, ba ta san ko kayanta sun yi arha ko tsada ba, shi ya sa da an ce "a rage mana" sai ta rage har ta ci jarinta. Na sha ganin mata sun dawo daga irin wannan zama sun iya faɗin farashinsu ba tare da sunkuyar da kai ba, don sun ga wadda kayanta bai fi nasu ba tana sayarwa da daraja.

Da kin dawo, kada mako ya cika ba ki tuntuɓi duk wadda ta karɓi samfurinki ba, tun ɗanɗanon yana bakinta. Sannan ki yi lissafi: in ribar roba ɗaya naira 500 ce, sai kin sayar da ƙarin roba 90 kafin taron ya biya kansa. Ki ba shi wata uku, ki riƙa rubuta kowace oda da ta zo ta dalilinsa.

In kuma binciken ya nuna taron ba na kirki ba ne, ki ajiye kuɗin don kasuwar baje koli ta duniya da ƙungiyar 'yan kasuwa da masu masana'antu ta Kaduna, KADCCIMA, ke shiryawa a filinta da ke kan hanyar Kaduna zuwa Zariya, galibi a farkon shekara. Daga Kwangila ki hau mota da safe da samfurinki a jaka, ki zagaya rumfuna, ki dawo gida kafin magariba. Ki gaishe mini da Ilham.